Kasuwa Ta Riga Ikkilisiya Shelar Kirsimeti

Karatu: Amos 8:4-6, Luka 2:21-38

A da, abin da ke nuna Kirsimeti ta matso shi ne sanyin hunturu da hazo, da dawa ta shiga rumbu, da muryoyin ƙungiyar mawaƙa suna koyon waƙoƙin haihuwar Almasihu a majami'a da daddare. Yanzu alamar ta sauya. Tun damina ba ta gama ɗaukewa ba, cikin Satumba da Oktoba, sai a ji rediyo da talabijin sun fara tallar kayan Kirsimeti, wayoyin hannu suna ta kawo saƙon rangwame, kantuna a Jos da Abuja da Legas sun rataya fitilu masu ƙyalli. Kafin fasto ya hau bagade ya karanta labarin Baitalami, ɗan kasuwa ya riga ya yi wata uku yana wa'azinsa, jama'a kuwa sun saurara, sun kuma amsa kira da aljihunsu.

Wani zai ce ina laifi, ai murna ce ta yi tsawo. Amma tambayar da ta kamaci kowane gidan mai bi ita ce, wa ke tsai da lokacin bikin nan, kuma don amfanin wa? Gama wanda ya riƙe kalandar biki, shi ne yakan faɗi ma'anar bikin.

Yadda Ikkilisiya ta tsara lokacin

Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Yesu ba. Shaida mafi daɗewa da ake da ita a rubuce ta nuna cewa Ikkilisiyar Roma tana kiyaye 25 ga Disamba tun shekara ta 336. Daga baya masu bi suka ga bai dace a faɗa cikin irin wannan babbar rana ba shiri ba, sai suka keɓe makonni kafinta domin azumi da addu'a da binciken zuciya. A shekara ta 567 majalisar shugabannin Ikkilisiya da ta zauna a birnin Tur na ƙasar Faransa ta umarci masu zaman zuhudu su yi azumi cikin Disamba har ranar bikin. Wannan lokaci shi ake kira Adbent, daga kalmar Latin mai ma'anar zuwa, wato jiran zuwan Ubangiji. A yawancin ikkilisiyoyin da ke kiyaye shi, yakan ɗauki ranakun Lahadi huɗu kafin Kirsimeti. Kiristocin Kibɗawa na Masar har yanzu sukan yi azumin kwana 43 kafin bikinsu na 7 ga Janairu, na Habasha ma sukan yi sama da kwana 40.

Tsarin magabata ke nan: jira tukuna, biki daga baya. Bikin kuwa yakan soma ne ranar 25 ga Disamba ya ci gaba kwana goma sha biyu, har 6 ga Janairu, ranar tunawa da zuwan masanan taurari daga gabas. Kasuwa ta juya wannan tsari baibai. Ta ɗauke makonnin jira ta cika su da saye, ranar 26 ga Disamba kuma ta sauke fitilunta ta fara tallar sabuwar shekara. Daidai lokacin da ya kamata murnar masu bi ta soma, sai a tarar jiki ya gaji, aljihu ya bushe, zuciya kuma ba ta shirya kome ba.

Yadda kasuwa ta karɓe kalanda

Wannan abu yana da tarihi, yawancinsa kuwa daga Amurka ya taso. A ƙasar akwai ranar godiya ta ƙasa, wadda a da ake yi ranar Alhamis ta ƙarshen Nuwamba, kuma al'ada ce kantuna su jira ta wuce kafin su fara tallar Kirsimeti. A shekara ta 1939 Alhamis ɗin ta faɗo 30 ga wata, manyan masu kantuna suka ga kwanakin ciniki za su yi kaɗan, sai suka roƙi Shugaba Franklin Roosevelt ya matso da ranar. Ya kuwa matso da ita zuwa 23 ga wata. Jama'a suka rabu biyu, wasu jihohi suka bi, wasu suka ƙi, har sai da majalisar dokoki ta tsai da Alhamis ta huɗu ga Nuwamba a shekara ta 1941. Ranar da aka keɓe domin gode wa Allah aka gusar da ita domin a ƙara mako guda na ciniki.

Kashegarin ranar godiyar ita ce ake kira Baƙar Juma'a. 'Yan sandan birnin Filadelfiya ne suka yaɗa sunan, saboda cunkoson masu sayayya da yake wahal da su a ranar. A shekara ta 2008, a wani babban kanti cikin jihar Niyu Yok, masu rububin kayan rangwame suka ɓalle ƙofa tun da asuba suka tattake wani ma'aikaci har ya mutu. Yau Baƙar Juma'a ta iso Nijeriya ta hannun shagunan intanet, wasu ma sukan shimfiɗa ta cikin dukan watan Nuwamba, ko da yake ƙasar nan ba ta da ranar godiyar da ta haife ta.

Haka labarin Baban Kirsimeti yake. Asalinsa Nikolas ne, bishop na birnin Mira a ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu, wanda ya rayu a ƙarni na huɗu. Abin da aka fi tunawa da shi a kansa shi ne labarin yadda ya kai wa wani matalauci zinariya a ɓoye da dare, domin 'ya'yansa mata uku su sami abin aure kada talauci ya jefa su cikin lalata. Mutanen Holan suka kai sunansa Amurka, inda ya rikiɗa ya zama Santa. Daga shekara ta 1931 tallace-tallacen Coca-Cola suka ƙara kafa siffar da duniya ta sani yanzu, tsoho mai ƙiba da farin gemu da jar riga. Mutumin da ya ɓoye fuskarsa don kada a san shi ne ya yi kyauta, shi aka zaunar a ƙofar kanti, iyaye suna biyan kuɗi domin 'ya'yansu su gan shi.

'Yan kasuwan zamanin Amos

Annabi Amos makiyayi ne daga Tekowa, wanda Allah ya aika wa Isra'ila a zamanin sarki Yerobowam na biyu, wajen shekara 750 kafin haihuwar Almasihu. Lokaci ne na wadata, kasuwanni a cike, wuraren sujada ma a cike. A sura ta 8 annabin ya tona zuciyar 'yan kasuwan zamaninsa. Suna zuwa idi, suna kiyaye Asabar a fili, amma a ransu sun ƙosa ranar ta wuce su buɗe rumbuna. Da sun buɗe kuwa, sai su rage mudu, su ƙara farashi, su yi algus a ma'auni, su haɗa da ƙaiƙayi su sayar, har matalauci ya zama bawa saboda bashin da bai wuce kuɗin takalmi ba.

'Yan kasuwan Amos sun ƙosa idi ya wuce, na yau kuwa sun ƙosa idi ya zo, domin idin kansa ya zama haja. Zuciyar dai guda ce. Dukansu suna duban rana mai tsarki suna lissafin riba. Abin da Yesu ya tarar ke nan a Haikali gab da Idin Ƙetarewa, kamar yadda Yahaya 2:13-16 ya nuna. Masu sayar da shanu da tumaki da tattabarai suna sayar da abin da masu sujada suke bukata ne, masu canjin kuɗi ma haka. Laifinsu shi ne sun kafa ciniki a wurin da aka keɓe domin addu'a.

A nan ya kamata a yi adalci. Ciniki halal ne, kuma Disamba ce kakar masu sana'a da yawa. Tela da ke kwana a kan keke, da matar da ta yi kiwon kaji tun Oktoba, da mai kitso, da direban da ke jigilar mutane zuwa gida, yawancinsu 'yan Ikkilisiya ne, da ribar nan kuma suke ciyar da iyali. Maganar Amos tana kan wanda ya ɓoye shinkafa yana jiran ta yi tsada, da wanda ya ninka kuɗin mota don ya san dole mutane su je ganin iyayensu, da telan da ya karɓi ɗinkin mutum hamsin alhali ya san na ashirin kaɗai zai iya gamawa. Mai bi da ke irin wannan, ya kuma zo ya rera waƙar haihuwar Mai Ceto, ya sani annabin da shi yake.

Abin da iyali ke biya

Hausawa sun ce Sallah bikin rana ɗaya ce, takan wuce ta bar wawa da bashi. Karin maganar ta hau Kirsimeti daidai. Talla mai tsawon wata uku tana da aiki guda, wato ta sa mutum ya ji abin da yake da shi bai isa ba. Yaro ya ga takalmi a waya tun Oktoba, ya yi ta naci. Uwa ta ji maƙwabciya ta sayi atamfa uku, ta ji kunyar fita da guda. Uba ya san albashinsa, amma ba ya so a ce gidansa ne kaɗai ba a yanka akuya ba. Daga nan sai a kwashe adashi, a ci bashin ƙungiyar ma'aikata, wasu har su faɗa hannun masu ba da rance ta waya, waɗanda ruwan kuɗinsu yake hawa kamar gobarar daji.

Janairu kuwa ba ta jin roƙo. Makarantu sukan koma zango na biyu a farkon watan, mai gida yana jiran kuɗin haya, albashin Disamba kuma an cinye shi tun kafin shekara ta ƙare. Yara nawa ne aka koro daga makaranta cikin Janairu suna sanye da takalmin Kirsimeti? Karin Magana 22:7 ta riga ta yi gargaɗi cewa mai cin bashi yakan zama bawan wanda ya ba shi.

A karkara asarar ta fi zurfi. Kirsimeti tana faɗowa ne bayan girbi, lokacin da hatsi ya cika kasuwa farashinsa kuma ya faɗi. Manomi ya kwashi masara da dawa da waken da ya sha wahalar nomawa ya sayar da araha domin kayan biki. Mai kuɗi ya saya ya adana. Cikin Yuli da Agusta, da rumbu ya zama wayam, manomin nan ya dawo ya sayi hatsinsa da tsada, ko ya ci bashi a kan amfanin gonar da bai nuna ba. Ta haka bikin kwana biyu yakan haifi yunwar wata biyu.

Shekarun nan sun ƙara wa abin nauyi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci suka haura ƙwarai. A ƙarshen 2024, buhun shinkafa mai kilo 50 ya wuce mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a kasuwanni da yawa. A cikin Disambar shekarar kuma, mutane fiye da 60 suka rasu a turmutsutsu wajen rabon abinci da kyauta a Ibadan da Okija da Abuja, 35 daga cikinsu yara ne a Ibadan. Lokacin da fitilu suke ƙyalli a manyan kantuna, akwai iyayen da suka fito tun kafin gari ya waye suka shiga layi saboda mudun shinkafa, ba su kuwa koma gida ba. Duk mai shirin Kirsimeti ya kamata ya ajiye wannan a zuciyarsa sa'ad da yake rubuta jerin abin da zai saya.

Ikkilisiya ma ba ta fita daga zargi ba. A wasu wurare zumuntar mata da anko nata, mawaƙa da nasu, matasa da nasu, ga ambulan gudummawa iri iri, duka cikin wata guda. Gwauruwar da ba ta iya sayen anko ba sai ta zauna a gida ranar bikin, don kada a gan ta daban a cikin layi. In tufafi ya hana mai bi zuwa sujada ranar haihuwar Mai Cetonta, to, teburin masu canji ya sake shiga Haikali, wannan karo kuwa da izinin dattawa.

Iyalin da ya kawo tattabarai biyu

Luka 2:22-24 ya ba da labarin ranar da Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Yesu Haikali. Shari'ar Musa ta ce macen da ta haihu ta kawo ɗan rago da tattabara ko kurciya, amma Littafin Firistoci 12:8 ya yi sauƙi ga wadda ba ta da halin rago, ta kawo tsuntsaye biyu. Hadayar matalauta ita ce iyayen Ubangiji suka miƙa. Nassi bai nuna sun ci bashi don su sayi rago su burge mutanen Urushalima ba. Sun kawo abin da hannunsu ya kai, Allah kuwa ya karɓa. Allah da ya mallaki dukan dukiyar duniya ya zaɓa wa Ɗansa gidan massassaƙi, da komin dabbobi a maimakon gado. Bulus ya bayyana dalilin a 2 Korantiyawa 8:9, cewa Almasihu ya bar wadatarsa ya ɗauki talauci domin masu bi su wadata ta wurinsa. Abin mamaki ne a yi bikin wannan haihuwa ta hanyar da za ta sa matalauci ya ji kunyar talaucinsa.

A ranar nan Haikali yana cike da jama'a, firistoci da masu ciniki da masu sujada. Mutum biyu kaɗai Luka ya ambata cewa sun gane jaririn, wato tsoho Saminu, wanda ya daɗe yana sauraron ta'aziyyar Isra'ila, da annabiya Hannatu, gwauruwa tsohuwa tukuf, wadda ba ta rabuwa da Haikali, tana azumi da addu'a dare da rana. Abin da ya haɗa su shi ne jira. Shekarun jiran ne suka wasa idanunsu, har suka ga Mai Ceto a hannun matalauciya mai tattabarai biyu, sa'ad da sauran jama'a suke wucewa da harkokinsu. Isra'ila ta yi ɗaruruwan shekaru tana jiran alkawari, Galatiyawa 4:4 kuma ta nuna Allah ya aiko Ɗansa ne da lokaci ya cika. Kasuwa ba ta iya sayar da jira, shi ya sa take kawar da shi. Amma wanda bai koyi jira ba, da wuya ya gane abin da aka ba shi.

Akwai kuma shirin da Nassi kansa ya koyar. Da Yahaya Maibaftisma ya zo shirya hanyar Ubangiji, mutane suka tambaye shi abin da za su yi. Amsarsa a Luka 3:10-14 ta shafi tufafi da abinci da kuɗi. Mai riga biyu ya ba marar ita guda, mai abinci ya raba, mai karɓar haraji kada ya ƙara a kan abin da aka ƙayyade, soja ya daina ƙwace ya gamsu da albashinsa. Talla tana kiran mai riga biyu ya sayi ta uku. Yahaya ya kira shi ya rage zuwa guda.

Abin da ya kamaci gidan mai bi

Ba wanda ya ce a hana yara sabon kaya, ko a daina dafa shinkafa da nama. Allah yana son murnar jama'arsa. A zamanin Nehemiya, da jama'a suka fashe da kuka don jin Shari'a, aka umarce su su je su ci mai maiƙo su sha mai zaƙi, su kuma aika wa waɗanda ba su da abin da suka shirya (Nehemiya 8:10). Murna da rabo tare aka ba da umarninsu.

Abu na fari, miji da mata su zauna tare tun kafin Disamba, su ware kuɗin makaranta da na haya da abincin Janairu su ajiye gefe. Abin da ya ragu shi ne kuɗin biki, daidai ruwa daidai tsaki. Manomi ya fara auna abin da zai ci da iyalinsa har kaka mai zuwa, ya rufe rumbu, sa'an nan ya dubi abin da zai kai kasuwa. Yara da suka yi wayo a gaya musu gaskiyar abin da gida yake da shi, gama yaron da ya ga iyayensa sun ƙi bashi da fara'a ya sami darasin da zai riƙe har tsufansa.

Abu na biyu, a maido da makonnin jira cikin gida. Ko ikkilisiyar mutum tana kiyaye Adbent ko ba ta kiyayewa, kowane uba da uwa suna iya tara 'ya'yansu da yamma cikin makonni huɗun nan, su karanta alkawaran Ishaya 7 da 9, da Mika 5, da surori biyu na farkon Luka, kaɗan kaɗan, su yi addu'a. Lokaci ne kuma na neman sulhu da ɗan'uwan da aka daina gaisawa da shi, da biyan bashin da aka daɗe ana ja.

Abu na uku, rabon matalauci ya shiga lissafi tun farko, kada ya jira ragowar tukunya. A bi hanyar Nikolas, a kai kyauta gida a asirce, ba tare da tara mayunwata a fili guda ana ɗaukar hotonsu ba. Dattawa da shugabannin zumunta sun san gidajen gwauraye da marayu da waɗanda rikici ya raba da garuruwansu. Kwanon abincin da aka saba aika wa maƙwabta, Kirista da Musulmi, al'ada ce mai daraja da ta riƙe zumunci a garuruwa da yawa, kada tsada ko gaba ta kashe ta. Majalisun ikkilisiyoyi kuma su sake duban yawan anko da ambulan da suke ɗora wa jama'a cikin Disamba, su tabbata ba wanda zai ƙi zuwa sujada saboda tufafinsa.

Ɗan kasuwa zai ci gaba da tallarsa, baɗi ma wataƙila ya fara tun Agusta, ba kuwa wanda zai hana shi. Amma ba shi da iko a kan kalandar gidan mai bi sai wanda aka ba shi. Allah ya ba iyalan jama'arsa haƙurin Saminu da naciyar Hannatu da gamsuwar Yusufu da Maryamu, ya sa Janairu ta same su ba bashi a wuyansu, da Almasihu a zukatansu. Amin.